Yoyon memorin da ba ya tashi sai tsakar dare

Wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta ce a Samaru, Zariya, irin waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Bayan babban zauren akwai ɗan ɗaki da aka ajiye saba (babbar kwamfutar da sauran ke jone da ita) da rauta (na'urar rarraba intanet) da inbata (mai mayar da wutar batir irin ta gida) da batura masu bolt 12 da aka jera huɗu-huɗu su ba da 48. A jikin bangon ɗakin an maƙala wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 3, da ɗan batirinta na daban don kada ta mutu idan komai ya mutu. Aikinta sa ido. Duk bayan daƙiƙa goma takan tambayi inbata ƙarfin batura da nauyin da ke kansa, ta karanta zafin ɗakin, ta tura rahoto zuwa wani shafi da Alhaji mai wurin yake dubawa a wayarsa. Idan zafi ya wuce kima ta aika masa da tes.

Matsalar da aka kira ni a kanta ita ce manhajar da ke wannan aiki takan mutu ba sallama. A wayi gari a ga lambobin shafin sun daskare a kan na daren jiya. Maganin da yaran wurin suka saba shi ne su zare wayar wuta su mayar, sai komai ya dawo. Da can sai a yi wata guda ko biyu kafin hakan ta faru, ba wanda ya damu. Da hunturu ya shigo sai abin ya koma kusan kowane mako. Wanda ya rubuta manhajar, wani ɗalibi ne da ya yi aikin sanin makama a wurin, ya gama ya koma garinsu, amma Allah ya yi masa albarka, ya bar kod ɗin a cikin na'urar.

Abu na farko da na nema shi ne sanin ko manhajar faɗuwa take da kanta ko kashe ta ake yi. Na roƙi yaran da su bar ta a mace idan ta sake, kada kowa ya taɓa waya sai na zo, domin kashewa da kunnawa na share saƙonnin da nake buƙata. Da ranar ta zo na jona laftof na buga `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, wato tsarin da ke tafiyar da na'urar, sai ga layin nan da duk mai aiki da shi ya sani: "Out of memory: Killed process", da lambar manhajar da sunanta. Ke nan kashe ta aka yi. Idan RAM, wato memorin da manhajoji ke aiki a cikinsa, ya ƙare ƙaf, Linux yakan duba manhajojin da ke aiki, ya ba kowacce maki gwargwadon abin da ta cinye, ya kashe mai maki mafi yawa don sauran su rayu. Raspberry Pi 3, wadda ta fito a 2016, gigabait 1 kacal take da shi, kuma a liƙe yake da allon, ba a ƙara shi. Manhajar da bai kamata ta wuce 'yan megabait ba ta kai wajen 700 kafin a kashe ta.

Da na yi wa Alhaji bayani sai ya ce, "To Injiniya, in memori ne ya cika ai da sauƙi. A aiki yaro shagunan PZ ya sayo babba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba katin da ake sakawa ba ne. Wannan filin aiki ne na cikin na'urar."

"To a sayo na'urar da ta fi ta."

Akwai ta kuwa, Raspberry Pi 4 tana da mai gigabait 4, har da mai 8. Sai na kawo masa misalin mai shayin da ke bakin ƙofarsa. Idan kowane mai saye ya sha ya tafi da kofin, mai shayi zai wayi gari ba kofi ko ɗaya. In ka ƙaro masa kofuna ɗari, ranar ƙarewar kawai ka ɗaga. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972 kuma da shi aka rubuta wannan manhaja, kai ne kake aro fili da `malloc`, kai ne kuma za ka mayar da `free`. Ba mai bi bayanka ya tattara, saɓanin Python ko Java. Ka ara ka manta, filin ya tafi har sai manhajar ta mutu; wannan shi ake kira yoyon memori. Alhaji ya yi dariya ya ce to a kamo mai tafiya da kofin.

Na kwafe kod ɗin na tafi da shi gida. Manhajar tana magana da inbata ta hanyar Modbus, tsohon tsarin da kamfanin Modicon ya fitar a 1979 wanda har yau masana'antu ba su rabu da shi ba, a kan wayoyi biyu na RS-485 da aka jona da USB. Ba ni da irin inbatan a gida, sai na haɗa adafta biyu, na kunna wata 'yar manhaja da ke kwaikwayon inbata tana amsa duk tambayar da aka yi mata. Na sake gina kod ɗin da alamar `-g` don a riƙa nuna lambar layi, na sa shi ƙarƙashin Valgrind. Wannan kayan aiki, wanda Julian Seward ya fitar a 2002, yana bin sawun kowane fili da aka ara, idan manhaja ta rufe ya faɗa maka wanda ba a mayar ba da layin da ya aro shi. Yana jan manhaja ta yi nauyi sau 20 zuwa 30, amma ga abin da aikinsa jiran daƙiƙa goma ne, wannan ba komai ba ne. Na bar shi ya kwana yana aiki. Da safe na tsayar, a layin "definitely lost", wato filin da ya ɓace tabbas, sifili ne.

Sakamako irin wannan ya fi ɗaure kai fiye da shafi cike da kurakurai. Na koma kan kod ɗin ina bin kowane `malloc` da ido. Gaskiya yaron ya yi aiki mai tsabta a babban zagayen: ya ara, ya yi amfani, ya mayar. Na zargi ɓangaren karanta zafi, na zargi mai tura tes, duk suka fita. A wurin aiki kuma na duba ko fayiloli ne ake buɗewa ba a rufewa, domin shi ma yoyo ne da ke yawan tafiya tare da wannan, kuma Linux kan hana manhaja buɗe fiye da 1024 in ba a canza ba. Na leƙa `/proc`, inda Linux ke nuna bayanan manhajojin da ke aiki, cikin jakar `fd` mai lissafa fayilolin da manhajar ta buɗe, adadin bai motsa ba.

Tun da karatu bai fitar da komai ba, sai na koma awo. Na rubuta layi uku da za su riƙa ɗauko lambar `VmRSS`, wato yawan RAM da manhajar ta riƙe, daga `/proc` kowane minti su ajiye tare da lokaci. A nan akwai wurin da mutane ke yawan ruɗewa. Idan ka buga umarnin `free` na Linux (ba na harshen C ba) za ka ga kamar RAM ya kusa ƙarewa ko da lafiya lau ake, saboda Linux yana amfani da filin da ba kowa a kai ya ajiye fayilolin da aka karanta, kuma yana sakinsa da zarar an nema. Gurbin "available" ne abin dubawa. Haka kuma a `top`, mai nuna manhajojin da ke aiki, lambar VIRT alkawari ce kawai, filin da manhaja ta nema. RES, wadda ita ce `VmRSS` ɗin, ita ce abin da ta taɓa da gaske ya zauna a RAM. Ita na bi. Wani abin lura kuma, Raspberry Pi 3 ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe ta, daga intanet take samun lokaci, don haka na tabbatar agogonta daidai yake kafin in fara, in ba haka ba duk awon ya tashi a banza.

Bayan 'yan kwanaki na kwaso lambobin na zana su. Na yi tsammanin layin da ke hawa a hankali dare da rana, domin haka yoyo ya saba fitowa. Abin da na gani daban ne. Tun daga safe har tsakar dare layin a kwance yake. Wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare sai ya miƙe sama a tsaye, ya yi ta hawa har rana ta fito, sannan ya sake kwantawa a sabon matsayi, ba ya saukowa. Wani daren ya hau megabait 60, wani 90, wani daren kuma bai motsa ba sam. Amma gudun hawan iri ɗaya ne kullum, kusan megabait 28 a awa. Farkon tunanina wani aiki ne da aka tsara ya riƙa tashi da dare, sai dai aikin da aka tsara yana da lokaci tsayayye, wannan kuwa yau ƙarfe uku da kwata, gobe huɗu saura. Na duba `cron`, inda ake tsara irin waɗannan ayyuka, ba komai. Kundin rahoton manhajar ma shiru a waɗannan awoyi, ko layi ɗaya ba ta rubuta ba.

Wanda ya warware mini shi ne Baba mai gadi. Na fito da yamma zan tari keke zuwa Kwangila, na same shi yana haɗa itacen jin ɗumi, muka gaisa. Na ce, "Baba, da dare akwai abin da ke faruwa a ɗakin injin nan? Wajen ƙarfe uku, huɗu haka?"

Ya ce, "Ai injinku kuka yake yi, ɗana. Ya yi ta tsit-tsit, can sai ya yi ɗif, fitilun waje su mutu. Kafin kiran sallar fari ne. In rana ta fito sai ya tashi da kansa."

"Kullum, Baba?"

"In an kwana da wuta ba ya yi. Amma tun da ƙurar nan ta sauko, ya fi saurin mutuwa."

"Kun taɓa gaya wa Alhaji?"

"Na ɗauka haka aka yi shi."

Nan take komai ya haɗu. Da dare ba a barin saba a kunne in ba lokacin jarrabawa ba, sai rauta da kyamarori da fitilun tsaro. Idan an ɗauke wuta, batura ke riƙe su. Da ƙarfinsu ya sauka zuwa iyakar da aka sa, wajen bolt 42, inbata yakan kashe kansa don kada su lalace. Rana ta fito, sola ta ɗan cika su, ya tashi, kafin ma'aikata su zo ƙarfe takwas komai na aiki kamar ba a yi ba. Da hunturu kuwa hazo na rage hasken rana, ƙura na kwanciya a kan farantan, batura ba sa cika, sai mutuwar ta zo da wuri ta kuma daɗe. Ita kuwa Raspberry tana raye da ɗan batirinta, tana ta ƙwanƙwasa wa inbatan da ba ya amsawa. Kwaikwayon da na yi a gida bai taɓa ƙin amsawa ba ko sau ɗaya, shi ya sa manhajar ba ta taɓa bin wannan hanya ba a gaban Valgrind.

A daren na sake kunna gwajin, na bar shi ya ɗan yi tafiya, sannan na zare waya ɗaya daga cikin biyun RS-485. Minti goma na ba shi na tsayar. Wannan karon "definitely lost" ya nuna kusan megabait 5, a gutsattsari ɗaruruwa, dukkansu daga wuri guda: sashen da ke sake haɗawa idan an rasa amsa.

Ga yadda aka rubuta shi. Laburaren libmodbus, wato shiryayyen kod ɗin da manhajar ke magana da inbata ta cikinsa, yakan jira amsa rabin daƙiƙa, in ba ta zo ba ya ce lokaci ya ƙure. Da hakan ta faru, kod ɗin sai ya kira `modbus_close`, sannan ya kira sashen farawa tun daga tushe. Sashen farawar yana yin abu biyu: ya ƙirƙiri sabon mahaɗi da `modbus_new_rtu`, ya kuma aro fili mai kilobait 16 na ajiye karatun baya-bayan nan, ya share shi da sifili. Sabon adireshin sai ya hau kan tsohon. Tsohon filin yana nan a riƙe, amma ba wanda ya san inda yake, balle a mayar. Kuma `modbus_close` ƙofar sadarwa kawai yake rufewa, shi ya sa adadin fayiloli bai taɓa hawa ba. Mai sakin filin shi ne `modbus_free`, wanda babu shi a wurin. Zagayen yana maimaituwa duk daƙiƙa biyu. Sau 1,800 ke nan a awa, a ninka da kilobait 16, ya ba da kilobait 28,800, daidai da megabait 28 ɗin da zanen ya nuna. A raba 700 da 28, awa 25 na shirun inbata sun isa su kashe manhajar. A watannin da batura ke kai safiya sai a daɗe ba a tara awa 25 ba; da hunturu, dare takwas ko tara sun isa.

Ba na ganin laifin yaron sosai. Sunayen biyu sun yi kama, kuma duk wanda ya ga "close" zai ɗauka an gama. Abin da ya fi damuna shi ne manhajar sa ido ta ɗauki shirun inbata a matsayin 'yar tangarɗar waya, ta yi ta gwadawa ba ta gaya wa kowa ba, alhali shi ne babban labarin da aka ajiye ta don ta kawo.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na mayar da ƙirƙirar mahaɗi da aron fili zuwa sau ɗaya tak, lokacin da manhaja ta tashi. Idan amsa ba ta zo ba, ta share abin da ya maƙale a layi da `modbus_flush` ta sake tambaya. Sai in adaftar USB ce ta ɓace gaba ɗaya za ta rufe ta sake buɗewa, a kan mahaɗin nan dai na farko. Na sa jiran ya riƙa ninkuwa, daga daƙiƙa biyu zuwa huɗu zuwa takwas, har ya tsaya a minti ɗaya. Na haɗa duk hanyoyin fita su bi ta ƙofa ɗaya da ke mayar da komai. Sannan na ƙara cewa in shirun ya kai minti biyar, a rubuta a kundi, a kuma aika tes.

Na mayar da ita bango, na bar awon yana tafiya. Tsallen dare ya ɓace. Amma da manyan tsallen suka kau, na faɗaɗa zanen, sai na ga layin da nake kira kwantacce ashe ba a kwance yake ba. Yana hawa kaɗan-kaɗan, megabait 4 da ɗoriya a rana, dare da rana. A gefen tsallen 90 ba a ganinsa.

Wannan na biyun ya fi na farko wayo, domin Valgrind bai kira shi ɓatacce ba. Yana cikin layin "still reachable", filin da ba a mayar ba amma har yanzu akwai adireshinsa a hannu. Yawanci ba a kula wannan layi, saboda laburare da yawa kan riƙe ɗan fili har ƙarshe kuma ba illa. Hanyar gane mai illa ita ce gwaji biyu, gajere da dogo: in lambar ɗaya ce, ka ƙyale, in ta dogon ta fi, akwai magana. Tawa ta fi. Na ƙara `--show-leak-kinds=all`, na kuma gwada da Massif, wani ɓangaren Valgrind da ke nuna wanda ke riƙe da fili a tsawon lokaci, duka suka nuna jerin saƙonni. Manhajar tana jera kowane rahoto a layi don in intanet ta yanke a tura daga baya, dabara mai kyau. Sai dai in an tura, alama kawai take sa masa cewa ya tafi, ba ta cire shi daga jerin. Rahoto ɗaya kusan rabin kilobait, sau 8,640 a rana. Da an bar shi, da ya kashe manhajar bayan wata biyar da 'yan kai, wato wajen tsakiyar damina, kowa ya manta an taɓa gyara. Bai taɓa samun damar nuna kansa ba ne kawai don na farkon yana riga shi kisa.

Na maye gurbin jerin da zobe mai gurbi ƙayyadadde: wanda aka tura gurbinsa ya zama fanko, in kuma intanet ta daɗe a yanke har ya cika, sabo ya hau kan mafi tsufa. Gara a rasa rahoton shekaranjiya da a rasa mai rahoton. Na kuma ɗauke manhajar daga `rc.local`, fayil ɗin tayar da manhajoji idan an kunna na'ura, inda aka sa ta, na mayar da ita ƙarƙashin systemd, mai kula da manhajojin da ke aiki a Linux, da umarnin ya sake tayar da ita in ta mutu. Da gangan na bar wannan sai ƙarshe. Da tun farko aka sa shi, manhajar za ta riƙa mutuwa tana tashi ba wanda ya sani, da ba a kira ni ba, da kuma ba a taɓa tambayar Baba ba. Ga wanda zai yi irin wannan aiki, kada ya jira ya ga lambar RES ta sauko bayan an mayar da fili. Sau da yawa glibc, laburaren da ke kula da `malloc` da `free`, kan riƙe abin da aka saki don amfani na gaba. Abin nema shi ne ta hau kaɗan da farko, ta tsaya, ta ƙi motsi. Tawa ta tsaya ƙasa da megabait 5, na zare waya na mayar, na kashe rauta na kunna, ba ta gusa ba.

Tes ɗin farko ya shiga wayar Alhaji ƙarfe huɗu saura na dare, na biyu washegari, na uku jibi. Ya kira ni ya ce, "Injiniya, ka gyara abin ko ka ɓata shi? Da ba ya tashina daga barci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ma injin yana mutuwa, faɗa ne ba a yi maka."

Aka sa yara suka hau rufi suka wanke farantan, mutuwar ta ja baya zuwa wajen ƙarfe biyar da rabi. Mai batura ya zo ya auna su ɗaya bayan ɗaya da nauyi a kansu, ya samu biyu a jeri guda sun gaji, su ke jan sauran ƙasa. Ya ba da shawarar a canza jerin gaba ɗaya, domin haɗa sabo da tsoho kan cinye sabon. Alhaji ya ce a bari ya ji farashi a Sabon Gari da Kano tukuna, amma lallai kafin watan jarrabawa. Ya kuma roƙi in mayar da tes ɗin dare zuwa wayar manajansa.